Ɓari ɗaya anka ce ya shanye, to mi ke cinye ɗayan?

Akwai wata tambaya da nike yawan ji a wajen dubiya nan Maradi, galibi a zaure bayan an fito daga ganin mara lafiya, kuma kusan kullum iri ɗaya ce: "Shin ba ɓarin dama anka ce ya shanye ba, to mi ya sa na hagun ma ke bushewa?" Mutum ya faɗi, an kai shi likita, an ce AVC ce wato shanyewar ɓarin jiki, ya yi kwana goma ko sati biyu an sallamo shi, tansiyo ta sauka, baki ma ya fara komawa daidai, amma bayan wata biyu ka je gaishe shi sai ka tarar riga ta yi mishi yawa, cinya ta koma kamar damtse, hannun da ke da lafiyar ma in ya ɗauki buta sai ya riƙa rawa. Daga nan kowa da fassararshi. Wani ya ce ciwon ne ke ƙetarawa ɗaya ɓarin, wata ta ce ƙwayoyin likita ne ke shanye mishi jini, wani ya ce dama hannu anka sa mishi, wasu kuma su ce tsufa ne kawai a bar bawan Allah ya huta.

Abin nan zubewar tsoka ce, yana da suna wajen likitoci, ana iya auna shi, kuma yana cikin abubuwan da ke raba wanda zai sake takawa masallaci da ƙafarshi da wanda zai dawwama a tabarma. Amma kafin in shiga ciki bari in raba abu biyu don kada a yi kuskure mai tsada. In ɓarin da ke da lafiya ya mutu farat ɗaya, ko baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe cikin mintoci, wannan sabon bugu ne, a ɗauke shi zuwa likita a lokacin ko da tsakar dare ne. Wanda nike magana a kai shi ne mai zuwa sannu sannu, sati bayan sati, har ba ka gane shi sai in ka daɗe ba ka ga mutum ba.

Ciwo biyu ne sunka haɗu a jiki ɗaya

Shanyewar ɓarin jiki ciwon ƙwaƙwalwa ne duk da cewa a hannu da ƙafa ake ganinshi. Ko dai jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe jini ya malala, sai sashen nan ya lalace, umurnin da yake aika ma gaɓoɓi ya yanke. Jijiyoyin da ke kai umurnin a gicciye suke, shi ya sa in abin ya faru a hagun ƙwaƙwalwa dama ce ke shanyewa. A duniya mutane wajen miliyan 12 ke kamuwa kowace shekara. Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da anka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya a ciki, anka fitar da sakamakon a 2018 kan masu ciwon su 2118: kashi 68 cikin ɗari toshewa ce, kashi 32 fashewa, hawan jini shi ne uban tafiya, matsakaicin shekarunsu kuma 59. Ku tsaya kan 59 ɗin nan. Wannan ba tsoho tukuf ba ne, maigida ne da ke da rumfa a kasuwa ko gona da baki goma na jiranshi, ko uwar ɗaki da gida duka ke wuyanta. Kuma tsakaninmu da Kano ai jini ɗaya ne, tuwo ɗaya.

Ciwo na biyu shi ne zubewar tsoka, wato jan naman nan da ke ɗaga ƙashi, wanda ke tsayar da mutum ya zaunar da shi, har haɗiya da tari da numfashi duk aikinshi ne. Likitoci na ce mishi sarkofeniya, wani likita ɗan Amurka Irwin Rosenberg ne ya raɗa sunan a 1989 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙarancin nama. Da farko a kan tsufa ake maganarshi, don daga shekara 30 zuwa sama mutum na rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarshi duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Daga baya anka gane cewa ciwo da kwanciya da yunwa suna kawo shi ko ga wanda bai tsufa ba, har a 2016 Amurka ta ba shi lambarshi ta kanshi cikin jerin cututtuka.

Kuma ba daidai yake da rama ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Alhaji mai tumbi ko Hajiya mai jiki na iya kasancewa tsokarsu ta zube kitse ya rufe wurin, ka gan su ɓul-ɓul kana cewa ai jiki ya yi kyau alhali ba su iya tashi daga kujera sai an kama su. Shi ya sa masanan Turai da sunka sake zama kan batun a 2018 sunka sa ƙarfi a gaba, girman nama ya biyo baya. A 2020 an tattara binciken da anka yi a wurare daban daban kan masu shanyewar ɓarin jiki, anka samu kimanin kashi 42 cikin ɗari na da wannan zubewar. Kusan rabi kenan.

Ta ina naman ke tafiya

Ƙofa ta farko ita ce jijiya. Tsokar da umurni ya daina zuwa mata tana fara lalacewa tun kwanakin farko, zaruruwanta su sirance, kitse ya riƙa kutsawa tsakaninsu. Wannan a ɓarin da ya shanye ne, kuma shi ne wanda kowa ya sani yake kuma tsammani.

Ƙofa ta biyu kwanciya, ita kuwa ba ruwanta da dama ko hagu. A 2007 an yi wani gwaji a Amurka, anka samu dattawa lafiyayyu masu shekaru wajen 67 anka kwantar da su a gado kwana 10 ana ba su abinci daidai, da sunka tashi kusan kilo ɗaya na tsoka ya tafi daga ƙafafunsu kaɗai, ƙarfin ƙafar ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari. Lafiyayyu fa, masu cin abinci, kwana goma. To ina ga wanda ya yi wata uku bisa katifa a ɗakin da ba ya fita, ana juya shi, ana ɗaga shi, ana ba shi a baki? Amsar tambayar zauren nan kenan, ciwon bai ƙetara ba, ƙafar mai lafiya ce ta daina aiki sai jiki ya fara kwashe ta, don jiki ba ya ajiye naman da ba a mora.

A nan dole in faɗi abin da ke da nauyin faɗi, domin a gidanmu ya faru. Kawuna ya faɗi a gona shekarun baya, da anka sallamo shi munka yi mishi abin da muke ganin shi ne gata. In ya yunƙura zai tashi sai a ce "Kawu yi zamanka, mi kake so a kawo maka?" In ya miƙa hannu ga kofi wani ya riga shi. Alwala a yi mishi, riga a sa mishi, ƴan dubiya su cika ɗaki daga safe har dare ana ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa, shi kuwa yana kwance. Babu wanda ya yi haka da mugunta, kunya ce da tausayi da girmama babba, a wajenmu ɗa na tsaye mahaifi ko kawu na fama da maɓallin riga ai abin magana ne a unguwa. Sai da wani kine, wato ma'aikacin lafiya mai koya ma marasa lafiya motsa jiki, ya zo ya matsa cinyarshi mai lafiya ya ce mana wannan ƙafar ita ce za ta ɗauke shi kuma ga shi tana ƙarewa, sannan munka gane abin da muke yi.

Ƙofa ta uku abinci, kuma a ganina ita ta fi yi mana ɓarna a ƙasar nan. Kusan rabin masu wannan ciwo na samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, su sha ruwa su ƙware, abinci ya tsaya a kumatu. Da iyali sun ga haka sai a koma kunu, kunu safe kunu rana kunu dare, kuma tsararo don ya wuce da sauƙi. Bayan haka ga dokar da muke ƙara ma kanmu: an ce yana da tansiyo, sai a hana gishiri, wannan daidai ne a rage shi, amma sai a haɗa da nama da ƙwai da wake da gyaɗa da nono duk a hana, wai suna tada hawan jini. Mai ciwon suga kuma a ƙara hana mishi rabin abin da ya saura. Ga baƙin ciki da ke kama da yawansu, mutumin da jiya shi ke yanke magana a gida yau sai an kai shi makewayi, abinci ya fita ranshi, ya ce ya ƙoshi a ce to. Jiki kuwa a lokacin ciwo buƙatarshi ƙaruwa take yi, in bai samu a kwano ba tsoka yake warwarewa ya ci. In zazzaɓi ko ciwon huhu ko gyambon kwanciya ya shigo sai abin ya ninka.

Akwai kuma waɗanda tun kafin su faɗi naman ya riga ya tafi, tsofaffin da haƙori ya zube, masu ciwon suga na shekaru, matan da ke ciyar da kowa su ci saura.

Da mi ake aunawa, kuma a wane ɓari

A manyan asibitocin duniya akwai na'urori, wata kamar hoton ƙashi take tana raba nama da kitse da ƙashi, wata kamar sikeli ce mai tura ƴar wuta marar zafi cikin jiki, wasu na amfani da eko, wasu ma a hoton sikanar da anka riga anka yi ma kai suke auna kaurin tsokar gefen goshi. Amma matakin farko, wato tantancewa, ba ya buƙatar ko ɗaya cikinsu.

Na ɗaya tambayoyi biyar ne da ake kira SARC-F, waɗanda anka fitar a 2013. Shin ɗaukar kaya mai kilo 4 da rabi na ba ka wuya, ka ce wajen tiya biyu ta hatsi? Ratsa ɗaki fa? Tashi daga kujera ko gado? Hawan matakala goma? Sau nawa ka faɗi cikin shekarar da ta wuce? Kowace tambaya maki 0 zuwa 2, in jimilla ta kai 4 akwai abin dubawa. Ga mai shanyewar ɓarin jiki amfaninta ya fi yawa in an tambayi yadda yake kafin ya faɗi, matarshi ko ɗanshi na iya amsawa in magana ta ɗauke. Mu nan ma muna da tambayar da ta fi ta matakala dacewa da mu tunda gidajenmu ba bene ba ne: tun yaushe ya fara salla a zaune, ko sai ya dafa bango yake tasowa daga sujada?

Na biyu ƙarfin damƙa. Wata ƴar na'ura ce da ake matsewa da hannu ta nuna kilo. A ma'aunin Turai ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ne, a na Asiya na 2019 kilo 28 da 18. Na uku kujera: mutum ya rungume hannuwa a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar, in ya wuce daƙiƙa 15 ƙafafu sun yi rauni. Na huɗu tafiya, mita 4 in ta ɗauke shi daƙiƙa 5 ko fiye. Waɗannan biyun sai ga wanda ya riga ya fara tsayuwa, kuma da mutum a gefenshi.

Na biyar shi ne wanda nike so kowane gida ya sani, kaurin sha-raɓa. Metir ɗin tela kawai ake buƙata. A zagaya shi a inda sha-raɓar ta fi kauri ba tare da an matse ba, ma'aunin Asiya ya ce ƙasa da santimita 34 ga namiji ko 33 ga mace alama ce. Mu mutanen jihar Maradi ai ba baƙin wannan dabara ba ne, tun yunwar 2005 babu uwar da ba ta san ƴar igiyar nan mai ja da rawaya da kore da ake zagaya ma damtsen yaro don gano tamowa ba, har a ƙauyukan Madarumfa da Dakoro. Mun yarda cewa igiya na iya ceton yaro. Irin wannan tunanin ne, sai dai a ƙafar babba.

Sharaɗi mafi girma, a auna ɓarin da ke da lafiya. In ka auna hannun da ya shanye ba abin da za ka gano sai abin da ka riga ka sani. Ɓarin mai lafiya shi ke gaya maka jarin da ya rage ma mutum. Sannan a kula da kumburi, ƙafar da ta tara ruwa tana ba da lamba ta ƙarya, in ka danna yatsa ya lotsa to awon ranar bai da amfani.

Mi awon ke faɗa game da samun sauƙi

Likitoci na auna sauƙi da abubuwan yau da kullum: yana ci da kanshi, yana zuwa makewayi, yana sa tufafi, yana tafiya. Akwai wani ma'auni daga 0 zuwa 6 da ake yawan dubawa bayan wata uku, 0 garau, 6 rasuwa, daga 3 zuwa sama mutum na buƙatar mai taimako. Binciken da anka yi, mafi yawansu a asibitocin gashi na Japan inda tsofaffi ke da yawa, sun yi ta nuna abu guda: waɗanda tsokarsu ta zube sun fi fita da ƙarancin iya yi ma kansu hidima, haɗiyarsu ta fi jinkirin dawowa, kuma masu komawa gida kai tsaye a cikinsu ba su kai na sauran yawa ba. Waɗanda tun kafin ciwon sunka yi rauni su ma sakamakonsu a wata uku ya fi muni.

Dalilin ba boyayye ba ne in ka taɓa ganin yadda ake koya ma mutum tsayuwa. Ƙafar mai lafiya ce ke ɗaukar kusan duka nauyi, hannun mai lafiya ne ke riƙe sanda, tsokar baya da ta ciki su ke hana shi kifewa. Ƙwaƙwalwa kuma tana sake koyo ne ta hanyar maimaici, sau ɗari sau dubu, kuma ta fi karɓar wannan koyo a wata uku na farko, zuwa shida abin ya fara lafawa duk da ba ya tsayawa cak. Wanda ya gaji bayan tashi biyu ba zai samu maimaicin ba, lokacin nan mai daraja ya wuce yana kwance, kwanciyar ta ƙara cin naman, haka abin ke zagayawa.

Inda gardama take

Ba kowa ya yarda a ba awon nan muhimmanci ba, kuma masu ja suna da hujja. Wasu na cewa ciwon da ya fi tsanani shi ke kwantar da mutum ya hana shi ci, saboda haka zubewar tsoka alamar tsananin ciwon ce kawai ba ita ce sanadin rashin warkewa ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai bincike da dama sun yi lissafin tsananin ciwo da shekaru sunka cire, bambancin bai ɓace ba. Wasu kuma na cewa lambobin nan na 27 da 34 a jikin Turawa da mutanen Asiya anka fitar da su, Bafillace siriri mai yini yana bin shanu na iya faɗawa ƙasa da 34 alhali ya fi ka ƙarfi. Wannan ma haka ne, shi ya sa ni a ganina a gida ba lambar farko ce abin kallo ba, yadda take sauyawa ne. In yau 33 ce bayan sati uku ta koma 31, ba ka buƙatar Bature ya gaya maka akwai matsala.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talauci: a inda mutum ke sayar da akuya don kuɗin sikanar, inda maganin tansiyo ke yankewa tsakiyar wata, inda kine ƴan ƙalilan ne kuma galibinsu a birni, wa ke da lokacin awon sha-raɓa? Na fahimci wannan, amma ni sai nike ganin akasin haka. Abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa ba mu da ikon mayar da shi, magungunan narkar da gudan jini ma sai cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da su, wanda ya taso daga ƙauyen Mayayi ko Gidan Rumji a amalanke kafin ya samu mota ai lokacin ya wuce. Tsoka kuwa tana cikin ƴan abubuwan da ke hannun iyali.

Sai gardamar yaushe za a tada mara lafiya. Kada wani ya karanta wannan ya je ya finciko tsohonshi daga gado ranar da ya faɗi. An yi babban gwaji mai suna AVERT kan mutum 2104 a ƙasashe biyar, sakamakon ya fito a 2015, waɗanda anka tada da wuri cikin awa 24 kuma anka matsa musu da yawa, kashi 46 ne sunka samu sauƙi mai kyau, waɗanda anka bi da su yadda anka saba kashi 50. Wato gaggawa da yawa ta cutar. Abin da anka fi yarda da shi yanzu shi ne kaɗan kaɗan sau da yawa, bayan likita ya ce jiki ya daidaita.

Haka maganar gwangwanayen ƙarin abinci masu tsada na farmasi. Gwajin FOOD na 2005 kan mutum 4023 ya nuna cewa raba ma kowa da kowa ƙarin nan ba tare da an duba wa ke buƙata ba bai kawo wani bambancin kirki ba. Amma wani ƙaramin gwaji a Japan a 2019, mutum 44 da anka tabbatar tsokarsu ta zube, an haɗa musu ƙarin sinadarin gina jiki da motsa jiki sati 8, nama da ƙarfi sun ƙaru. Ƙarami ne ƙwarai, ba a gina gida a kanshi, amma in ka haɗa biyun za ka ga amfanin tantancewa, a san wa za a ba, kuma abinci ba ya zama tsoka sai da aiki.

Abin da ya rage ma masu jinya a gida

Masana abinci na ba da shawarar dattijo mara lafiya ya samu furotin, wato sinadarin gina jiki, gram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinshi a yini. Mai kilo 60 kenan yana son gram 72 ko fiye. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, kofin nono wajen 8, busasshen wake gram 100 na ba da wajen 23, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35, hatsi kuwa wajen 11 ne kuma in an dama shi tsararo yawancin kofin ruwa ne. Ku lissafa kofi uku na kunu ku gani ko ya kai ko'ina. Alhamdu lillahi kasuwarmu ba ta rasa abin gyara ba: kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono da anka dama ta yi laushi, alala, wake da anka dafa ya narke, awara, dafaffen ƙwai a murmushe cikin miya, garin ƙuli-ƙuli, kifi a cire ƙaya, zogale, har fara in an daka ta ba a cika mata gishiri ba. Kilishi da abin da anka cika ma dunƙulen miya su ne na ja da baya saboda gishiri. Mai ciwon ƙoda shi kam kada a ƙara mishi furotin sai da izinin likita, mai suga kuma a tambaya yadda za a daidaita fura da kunu.

Wajen ba da abincin a zaunar da shi tsaye sosai, ba a kwance ba, loma ƙarama, kada a yi mishi ɗura, ya zauna kamar rabin awa bayan ya gama, a wanke baki. In yana tari duk lokacin da ya sha, ko murya ta koma kamar mai kurkure, a koma likita, don abin da ya bi ta hanyar iska ciwon huhu yake zama. In sun ce a sa tiyon hanci na ɗan lokaci kada a ɗauka alamar mutuwa ce, hanyar ci ce kafin haɗiya ta dawo.

Motsi kuma a nemi kine ko sau ɗaya ko biyu ne ya koya ma wanda ke jinya, galibi mata ce ko ɗiya, ita ya kamata ta tsaya a wajen ba wanda ya biya kuɗi ya koma kasuwa ba. Zama a bakin gado, tashi da zama daga kujera mai tsawo maimakon tabarma, matsa ƙwallo ko tsumma, ɗaga gorar ruwa da hannu mai lafiya, a bar shi ya ci da kanshi ko zai ɓata riga, ya yi alwala da kanshi ko za ta ɗauki minti ashirin. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa, kuma a yi hankali da gashin ruwan zafi don fatar da ba ta ji tana ƙonewa bai sani ba. Tausa da man shafawa na sa jiki daɗi amma ba sa gina tsoka, sai mai jikin ya yi yunƙurin da kanshi. Addu'a da rubutu ba su hana ko ɗaya cikin wannan ba.

Mu a wajen Kawu littafin ƴan lakwal munka samu, duk Juma'a bayan an sauko ƴarshi ta auna sha-raɓar hagu ta rubuta, ta rubuta sau nawa ya tashi daga kujera da abin da ya ci. Satuttukan farko lambar ba ta motsa ba, tashin ne ya fara ƙaruwa, daga biyu da kamawa zuwa biyar ba kamawa. Hannun dama har yau bai dawo ba. Littafin shi muke riƙewa duk ranar komawa likita, shi ma kine ɗin da shi yake fara tambaya kafin ya ce Kawu ya miƙe.